Mabiyiyar da ta manne wa mahaifa: yaya za a kare mafitsara a lokacin tiyatar haihuwa?

Likitan_Karkara: Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ina aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, mu biyu ne kacal likitoci, kuma akwai abin da ya same ni makonni uku da suka wuce wanda har yau bai bar zuciyata ba. An kawo wata baiwar Allah da tsakar dare tana zubar da jini, cikinta bai cika wata tara ba, an taɓa yi mata aiki sau uku, kuma babu takardar hoton ciki ko ɗaya a hannunta. Da na buɗe ciki sai na tarar ƙasan mahaifa ya kumburo ya yi shuɗi-shuɗi, jijiyoyin jini masu kauri sun bi ta kansa sun sauka a kan mafitsara. Na ciro jaririyar ta sama, na yanke shawarar cire mahaifa, amma ina cikin raba mafitsara da mahaifa sai na hango ƙullin robar fitsari ta cikin wata ɓaraka. Na ɗinke, na bar mata roba kwana 14, kuma alhamdu lillahi ta koma gida a bushe. Tambayata ita ce, na ji ana cewa cika mafitsara da ruwa kafin a fara rabawa yana hana irin wannan rauni. Shin gaskiya ne? Kuma mene ne kuma zai taimaki wanda ba shi da likitan mafitsara a kusa?

Dakta_Binta_Mata: Wa alaikumus salam. Da farko sannu da ƙoƙari, ƙanena, domin ka ga ɓarakar da idonka kuma ka gyara ta a wannan daren, wanda shi ne ya raba matar nan da yoyon fitsari. Game da cika mafitsara, ni ina yi, kuma ina koya wa yarana su yi. Ana sa ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa kamar mililita 200 zuwa 300 ta robar fitsari, a ɗaure bakin robar, sai gefen mafitsara na sama ya taso ya nuna kansa. Amfaninsa a nan yake, saboda matar da aka yi wa aiki sau uku tabon baya yakan jawo mafitsararta sama fiye da inda ka saba ganinta, kuma idan babu komai a cikinta takan kwanta shimfiɗe a jikin mahaifa har ka ɗauka fatar mahaifar ce. Idan ka ɗiga metilin bulu, wato shuɗin rinin asibiti, a cikin ruwan, ko ɗan ƙaramin huji ka yi za ka ga shuɗi nan take. Sai dai ba zan ce maka yana hana rauni a kowane hali ba. Inda mabiyiya da mafitsara suka zama nama ɗaya, ruwa ba zai ƙirƙiro maka hanyar da babu ita ba.

Abu_Hanan_Tiyata: Da izinin Dakta Binta, ina da ɗan bambancin ra'ayi. Cikakkiyar mafitsara tana tare wa mai aiki gani a daidai lokacin da yake buƙatar ya hango ƙasan mahaifa, kuma bangonta yana ƙara sirancewa idan ta cika. Abin da nake yi shi ne na cika, na gane iyakarta, na kama ta da abin kamu mai taushi, sannan na zubar da ruwan na ci gaba, in na sake ruɗewa na sake cikawa. Roba mai baki uku tana sauƙaƙa wannan sosai.

Dakta_Binta_Mata: Ai ba mu saɓa ba, Abu Hanan. Nima cikawa da zubarwa nake yi, na dai taƙaita ne.

Malama_Hoton_Ciki: Ni abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne cewa matar ta zo babu hoton ciki ko ɗaya. A ganina kare mafitsara yana farawa ne tun a ɗakin awo, watanni kafin a ɗauki wuƙa. Duk macen da aka taɓa yi wa aiki, kuma hoto ya nuna mabiyiyarta ta sauka ƙasa ta gaba ko ta rufe bakin mahaifa, to a ɗauke ta a matsayin mai wannan matsala har sai an tabbatar ba haka ba ne. Akwai binciken da Robert Silver da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2006, a kan mata sama da 30,000 da aka yi wa tiyatar haihuwa. Sun nuna cewa idan mabiyiya ta rufe bakin mahaifa, haɗarin mannewarta kashi 3 ne cikin 100 a aikin farko, kashi 11 a na biyu, kashi 40 a na uku, kashi 61 a na huɗu, sannan kashi 67 daga na biyar zuwa sama. Matar da likitanmu ya ba da labarinta aiki na huɗu aka zo yi mata, ke nan da an san inda mabiyiyarta take, da tun da rana tsaka aka tura ta babban asibiti.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne a bar mace ta yi fitsari kafin hoton. Dole mafitsara ta kasance da ruwa a cikinta, in ba haka ba ba za a ga layin da ke tsakaninta da mahaifa ba. Abin da muke nema shi ne ɓacewar baƙin layin da ke bayan mabiyiya, da ramuka-ramuka a cikin mabiyiyar masu gudanar jini da ƙarfi, da sirancewar naman mahaifa, da tsinkewar farin layin bangon mafitsara, da kuma jijiyoyin da suke tsallakowa daga mahaifa zuwa mafitsara kamar gada. Wannan na ƙarshe shi nake rubutawa da manyan baƙaƙe a takarda, don mai tiyata ya san abin da ke jiransa.

Ummu_Sadiq: Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, an dai sa ni a wannan zaure ne saboda abin ya faru da ni. A cikina na biyar, bayan aiki uku, wata malama mai hoto ta ce mini mabiyiyata ta zauna a kan tabon aiki, ta rubuta mini takarda zuwa asibitin koyarwa. Da farko na ƙi zuwa saboda ba na jin ciwon komai, sai da yayata ta matsa mini. Sun kwantar da ni kusan mako uku kafin ranar aikin, 'yan uwana maza suka ba da jini aka ajiye, kuma likitan ya zaunar da ni da maigidana ya faɗa mana cewa za a cire mahaifa, kuma akwai yiwuwar a taɓa mafitsara. Haka kuwa aka yi. Na farka na ga fitsarin da ke cikin leda ja kamar zoɓo, hankalina ya tashi ƙwarai, amma da yake an riga an gaya mini sai na daure. Bayan kwana biyu ya fara washewa, bayan mako biyu aka cire robar. Yau shekara huɗu ke nan, ba na yoyo, kuma yaron yana nan da ransa. Abin da nake so likitoci su sani shi ne bayanin da aka yi mini tun kafin aikin ya rage mini rabin wahalar.

Likitan_Karkara: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, ya raya yaron. Malama mai hoto, maganarki gaskiya ce, sai dai a wurinmu mata da dama ba ma ganinsu sai ranar da jini ya ɓalle. Shi ya sa nake neman abin da hannu zai yi idan an riga an shiga ciki.

Farfesa_Mai_Ritaya: Ɗana, bari na amsa maka wannan kai tsaye, domin na shafe shekaru ina shiga irin wannan ciki. Abu na farko da zan faɗa maka ba dabarar hannu ba ce. Idan ka buɗe ciki ka ga abin da ka bayyana, kuma matar ba ta zubar da jini, jaririn ma lafiya lau, to kada ka taɓa mahaifar. Ka rufe ta da tsumman tiyata mai ɗumi ka nemi taimako da jini, in babu hali ka ɗinke cikin ka tura ta gaba da jaririnta a ciki. Wannan ba gazawa ba ce, haka ƙa'idar ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya ta 2018 ta tanada. Matar da ka yi wa aiki tana zubar da jini, don haka ba ka da wannan zaɓi, kuma ban ga laifinka ba.

Idan dole sai an ci gaba, a tsaga fatar ciki a tsaye don a sami fili, a fito da jariri ta saman mahaifa nesa da gefen mabiyiya, a ɗaure cibiya a mayar da ita, a ɗinke mahaifa da sauri, kuma kada wanda ya ja mabiyiyar don ya gwada ko za ta fito. Sannan maganar mafitsara. Yawancin raunin da na gani ya faru ne saboda mutum ya nufi tsakiya, inda tabon yake, ya naɗe yatsa da tsumma yana tura mafitsara ƙasa da ƙarfi kamar yadda ake yi a aikin farko. A nan tsumma yaga yake yi. Ka bar tsakiya sai ƙarshe. Ka fara ta gefe, hagu da dama, inda wuƙar baya ba ta taɓa ba, ka bi a hankali har ka sami sarari tsakanin mafitsara da bakin mahaifa a ƙarƙashin wurin da ya manne, domin sau da yawa can ƙasa lafiyayye ne. Idan yatsunka biyu suka haɗu a wannan rami, sai ka taso daga ƙasa zuwa sama da almakashi, kana ɗaure jijiyoyin da suka tsallako ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, wani lokaci jijiya goma ko fiye za ka ɗaure kafin mafitsara ta saki.

Abu_Hanan_Tiyata: Ranka ya daɗe, a nan nake son jin hukuncinka. Wasu suna barin mafitsara sai sun gama ɗaure manyan jijiyoyin mahaifa, saboda jinin ya ragu. Amma José Palacios-Jaraquemada na Ajantina da masu bin tsarinsa suna fara raba mafitsara tun kafin su tsaga mahaifa, wai a lokacin filin aiki a bushe yake babu jini kuma babu gaggawa. Wanne ka fi aminta da shi?

Farfesa_Mai_Ritaya: Duka biyun suna da hujja, kuma na yi duka. Wanda ya ƙware, yana da jini a ajiye da mataimaka na gari, zai iya fara rabawa kafin ya fito da jariri, kuma hakan ne ma yake ba shi damar ganin ko za a iya yanke ɓangaren da ya lalace kawai a bar wa matar mahaifarta. Amma likita ɗaya da dare, da jini leda biyu, ba zan ba shi shawarar ya taɓa waɗannan jijiyoyi alhali jariri yana ciki ba. Ya fito da jariri, ya ɗaure abin da zai iya ɗaurewa, ya zo wa mafitsara daga ƙarshe.

Mai_Sa_Barci_Zariya: Ina so na ƙara abu ɗaya daga inda nake tsayawa, wato wajen kan maras lafiya. A abin da na gani, ba a cika yanka mafitsara ko ɗaure bututun ƙoda, wanda ke kai fitsari mafitsara, a lokacin da fili yake a bushe ba, sai lokacin da jini ya cika ciki kuma mai aiki ya shiga kama nama ba tare da yana gani ba. Saboda haka tsayar da jini yana cikin kare mafitsara. A sa manyan allurai biyu na ƙarin ruwa tun kafin a fara, jini ya kasance a cikin ɗakin ba a ɗakin gwaji ba, kuma a ba da giram 1 na taranezamik asid, maganin rage zubar jini, da zarar jini ya ɓalle. Babban gwajin da aka fitar a 2017, wanda ya haɗa mata sama da 20,000 kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka yi shi, ya nuna maganin yana rage mutuwa ta zubar jini idan an ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. Kuma idan abu ya rikice, mataimaki ya danne babbar jijiyar jini ta ciki da hannu a kan ƙashin baya na 'yan mintuna, a tsane fili, kowa ya numfasa, sannan a ci gaba.

Likitan_Mafitsara_KN: Tunda an taɓo fagena, ga abin da zan ce. Ba kowace ɓaraka ce kuskure ba. Akwai lokacin da mu da kanmu muke buɗe saman mafitsara da gangan, mu sa yatsa a ciki mu ga iyakar wurin da ya manne da kuma bakunan bututun ƙoda biyu, sannan mu yanke ɗan ɓangaren da ya ƙi saki ya tafi tare da mahaifa. Yanka mai tsafta a saman mafitsara yana warkewa da kyau, ya fi yagewar da ta gangara ƙasa kusa da inda bututun ƙoda suke shiga, domin can ne gyara yake da wuya. Wajen ɗinki, hawa biyu da zaren da jiki yake narkarwa, ba tare da an ja naman da ƙarfi ba, sannan a cika mafitsara da ruwa mai shuɗi a tabbatar ba ta ɗiga. Roba ta zauna kwana 10 zuwa 14 gwargwadon girman raunin, kuma ma'aikatan jinya su lura kada gudan jini ya toshe ta, saboda toshewar dare ɗaya tana iya warware ɗinkin duka. Ina roƙon kowa ya riƙa yin gwajin shuɗin nan a ƙarshen aiki ko da yana ganin bai taɓa komai ba.

Sabon_Likita_22: Malam, to maganar sa siraran robobi a bututun ƙoda kafin aiki fa? Na karanta cewa suna rage rauni sosai.

Likitan_Mafitsara_KN: Robobin nan suna taimaka wa yatsa ya gane bututun ƙoda, ba su kare mafitsara kanta. Sakamakon bincike a kansu ya sha bamban, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba, shi ya sa ƙa'idar likitocin mata ta Amurka ta 2018 ta bar abin ga yanayin kowace mace. Ni ina sa su ne idan hoto ya nuna mabiyiya ta gangara ƙasa sosai ko ta fita ta gefen mahaifa. Suna buƙatar na'urar leƙa mafitsara, wadda asibitin ɗan'uwanmu mai tambaya ba shi da ita, don haka kada ya ɗauka rashinsu ne ya jawo abin da ya faru.

Sista_Hauwa_Gyara: Ni a sashen gyaran yoyon fitsari nake aiki, kuma mu ne muke karɓar waɗanda ba a ga rauninsu a ɗakin tiyata ba. A da kusan duk matan da muke gani doguwar naƙuda ce ta jawo musu, yanzu kuwa muna ganin waɗanda yoyonsu ya fara bayan aiki. Wata za ta ce da aka cire roba sai ta ji zaninta ya jiƙe. Wata tana yin fitsari daidai amma kuma tana yoyo, ga ciwon kwiɓi, wanda yakan nuna bututun ƙoda ne ya samu rauni. Wata kuma da aka bar mata mahaifa sai ta riƙa ganin jini a fitsarinta duk wata a maimakon al'ada. Roƙona shi ne duk wadda ta fara yoyo bayan aiki a mayar mata da roba nan take, domin ƙaramin huji sabo yana iya rufewa da roba kaɗai cikin 'yan makonni, kuma Dakta Kees Waaldijk ya daɗe yana koyar da haka a Babbar Ruga ta Katsina. In bai tsaya ba a tura ta cibiyar gyara, akwai Babbar Ruga, akwai Ningi a Bauchi, akwai Danja kusa da Maraɗi ga 'yan uwanmu na Nijar. Kada a ce mata ta je gida zai daina.

Baban_Khalifa: Ku yi haƙuri da shigowata, ni miji ne ba likita ba. Abin da ke damun irinmu shi ne da zarar an ce mabiyiya ta manne sai maganar cire mahaifa. Mace mai shekara 30 a raba ta da haihuwa ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu. Babu hanyar da za a bar mabiyiyar a ciki ta narke da kanta, a huta da taɓa mafitsarar ma gaba ɗaya?

Dakta_Binta_Mata: Tambayarka tana kan hanya, Baban Khalifa, kuma akwai wannan hanyar. A Faransa an bi mata 167 da aka bar wa mabiyiya a ciki, an fitar da sakamakon a 2010, kuma kusan kashi 78 cikin 100 sun tsira da mahaifarsu. Amma mabiyiyar takan ɗauki watanni kafin ta ƙare, kuma a tsawon lokacin jini na iya ɓallewa ko ƙwayar cuta ta shiga jini a kowane dare. Matar da gidanta yake nesa da asibitin da ke da jini da likita a shirye, wannan hanya tana iya zama ajalinta. Shi ya sa muke zama da mata da miji tun kafin ranar, a duba nisan gida da halin aljihu da yawan 'ya'yan da ke raye. Abin da ba na so shi ne a tsaya neman sa hannun miji a waya alhali matar tana kan tebur jini yana zuba.

Ungozoma_Talatu: Ni dai a ɗakin awo abin da nake faɗa wa duk wadda aka yi wa aiki shi ne ta ba da tazara kafin wani cikin, ta zo awo da wuri, ta riƙe katinta na aikin baya, kuma kada ta yarda ta yi naƙuda a gida. Sannan ya kamata mu ma'aikata mu duba kanmu a kan aikin farko da ake yi ba tare da dalili mai ƙarfi ba, domin tabon farko shi ne tushen duk wannan magana.

Malama_Hoton_Ciki: Ina goyon bayan Anti Talatu. Ƙari a kan haka, masu bincike irin su Eric Jauniaux na Landan suna ganin cewa a mafi yawan lokuta mabiyiya ba cin nama take yi kamar ciwon daji ba, tabon ne yake buɗewa ya sirance har mabiyiyar ta bayyana a bayansa, mafitsara kuma tabon aikin baya ne ya liƙa ta a wurin. In haka ne, yadda aka ɗinke mahaifa a aikin farko ma abin dubawa ne.

Abu_Hanan_Tiyata: Wannan bayani ya dace da abin da nake gani, domin sau da yawa hoto yakan ce mabiyiya ta shiga mafitsara, amma in aka bi a hankali sai a sami hanya. Duk da haka na taɓa haɗuwa da wadda babu hanyar ko kaɗan, kuma ƙungiyar likitocin mata ta duniya, da ta rarraba matakan mannewar mabiyiya a 2019, ta ware wa shiga mafitsara matakinsa na daban. Kada sabbin likitoci su ji wannan su ɗauka kullum za a rabu lafiya.

Likitan_Karkara: Na gode ƙwarai, malamaina. Na riga na yi magana da ungozomominmu cewa duk mai tabon aiki a turo mini ita na duba inda mabiyiya take, kuma na sa an ajiye metilin bulu da babban sirinji a ɗakin tiyata. Abin da ya rage mini shi ne lokacin turawa. Na ga Amurkawa suna cewa a yi aikin daga mako 34 zuwa ƙarshen mako 35, Turawan Birtaniya kuma daga mako 35 zuwa ƙarshen mako 36. Matanmu da yawa ba su san ranar al'adarsu ta ƙarshe ba, kuma tafiyar awa uku ce tsakaninmu da asibitin koyarwa. A wane mako kuke ganin ya kamata mace ta bar ƙauye ta koma kusa da ku?

Dakta_Binta_Mata: Ka turo ta ranar da ka yi zargi, ko da cikin wata biyar ne, mu ganta mu tsara. Maganar komawa kusa da asibiti kuwa, ni nakan ce daga mako 32, ko kafin haka idan ta taɓa ganin ko ɗigon jini. Farfesa yana iya ganin na yi jinkiri.

Farfesa_Mai_Ritaya: Ga mai tafiyar awa uku a kan hanyar da damina take yankewa, ni zan ce mako 30. Amma sai an samo mata wurin zama da abin da za ta ci, in ba haka ba za ta koma gida bayan kwana biyu. Ɗana, ka fara tambayarta ko tana da dangi a birni.